Kawu Mai Rabon Watanda

Jiya maƙwabtana suka yi watanda, sai ƙarnin ɗanyen nama ya mayar da ni Fegge, can kudu inda muka yi zaman baƙunci, wajen kawuna, Allah Ya jiƙansa. Shi ke raba wa 'yan unguwarmu nama duk lokacin da aka haɗu aka yanka sa. Yakan shimfiɗa ganyen ayaba ya kasa, ya yi ta ɗauke 'yar hanta daga wannan kashi zuwa wancan, ƙudaje na bin hannunsa, har sai mai ƙaramin ƙarfi ma ya samu daidai nasa.

Zaɓen da aka yi gab da samun 'yancin kai, tare muka bi layi cikin rana. Mu 'yan arewa mun fito da yawa, haka 'yan'uwanmu na Fatakwal da Inugu, kuma jam'iyya ɗaya muka jefa wa. Amma a kowace mazaɓa mu ne tsiraru, ko kujera ɗaya ba mu samu ba.

Na tarar da shi yana wasa wuƙa, na ce, "Kawu, to ina kasonmu?"

Bai ɗago kai ba ya ce, "Ɗana, nan ba watanda ake yi ba. Wanda ya fi ka da tsoka guda shi ke tafiya da san, har fata da ƙaho."

Daga ranar bai ƙara bin layi ba. Ni na ci gaba da bi har furfura, hannu rabbana nake dawowa.

Allah Ya haskaka kabarinka, Kawu, Ya cika maka kasonka can inda ba a tauye na kowa.