Ranar da Mai Ɗigo Ya Tona wa Kansa Asiri

Ƙarfe bakwai na safe yake fito da babur ɗinsa, tsohon babur mai tari kamar wanda mura ta kama. A bayansa akwatin ƙarfe ne ɗaure da roba. Ciki akwai sifana da filaya da sukudireba da guduma, sai wani ɗan gwangwanin jan fenti da bai taɓa barinsa a gida ba. Famfo mai ɗiga, ƙofar da ta ƙi rufuwa, fankar da ta tsaya, soket ɗin da ya ƙone, murhun gas da ya toshe, duk nasa ne. In ya gama aiki sai ya tsoma kan ƙusa a fentin, ya ɗiga a gefen abin da ya gyara. Shekara talatin yana haka, har sunansa na gaskiya ya ɓace a bakin mutane, kowa sai Mai Ɗigo.

In ka tambaye shi amfanin ɗigon, cewa zai yi, "Don in na dawo in gane aikina." Kuma dawowar yake yi. Bayan wata guda sai dai a ji sallamarsa a ƙofa, ba wanda ya kira shi, ya shiga ya murɗa famfon, ya girgiza ƙofar, ya yi gaba abinsa.

Aiki kam ya iya. Talla ce bai iya ba, ko kusa. Autarsa ce ta gaji da ganin masu aikin ha'inci suna ta samun kira, mahaifinta kuwa yana zaune yana goge sifana. Ta karanci harkar kasuwanci, ga ta da baki. Ta buga masa sitika mai lambar waya da jan ɗigo a tsakiya, ta buɗe zauren WhatsApp ta tara masu kiransa a ciki, tana ɗaukar hoton aiki kafin gyara da bayan gyara. Shi kuwa in ta ce ya tsaya a ɗauke shi sai ya ɗaure fuska kamar mai jiran allura. Cikin shekara ɗaya waya ta hana shi cin abinci a zaune. Har wakilin wasu sababbin gidajen haya, gida sittin, ya ce ranar Litinin zai damƙa masa gyaran gidajen gaba ɗaya.

Ranar Alhamis ta makon ne ya koma gidan wani tela duba tiyon gas da ya sa musu. Ya ɗan lanƙwasa tiyon, sai ya ji ƙas. Ya shafa kumfar sabulu, kumfa ta yi ta tashi. Matar telan ta ce ba ta taɓa ganin mutum ya yi gumi haka cikin minti ɗaya ba. Ya rufe tukunyar gas, ya buɗe tagogi, ya canza tiyon, ya naɗe tsohon ya tafi da shi gida ko ruwa bai sha ba.

Auta na zaune tana shirya takardun wakili, sai mahaifinta ya shigo ya ajiye tiyon a gabanta. Ya ɗauko ragowar naɗin da ya saya wata uku da suka wuce, ya lanƙwasa, shi ma ya tsage. Jabu ne aka sayar masa, mai kyan baya. Gida talatin da ɗaya ya sa wa shi.

"Ɗauko wayar nan taki," ya ce. "Rubuta: Ni ne Mai Ɗigo. Duk gidan da na sa wa tiyon gas mai ruwan lemo, kada a kunna murhu. Tiyon ba shi da kyau, ban gwada shi yadda ya kamata ba, laifina ne. Ina zuwa in canza."

Auta ta saki baki tana kallonsa.

"Baba, a zauren? Mutum ɗari huɗu ne fa a ciki! Wakili ma yana ciki!"

"To ai shi ya sa."

"Don Allah ka tsaya. Mu bi su gida-gida, mu ce garaɓasa muke yi, muna sabunta tiyo kyauta. Ba wanda zai sani. Talla ma za ta zame mana."

Mahaifiyarta ta leƙo daga ɗaki. "Malam, ka saurari yarinyar nan. Sunan da ka yi shekara talatin kana tarawa za ka zubar da hannunka?"

Ya dubi agogo. "Yanzu sha ɗaya. Kafin in kai gida na biyar, wata ta ɗora girkin rana. In wuta ta tashi, garaɓasar zan kai mata?"

Auta ta rubuta tana kuka. Ta faɗa daga baya cewa ji ta yi kamar ita ce ta gina ɗaki da hannunta aka ce ta rushe. Ta tura saƙon, ta kife wayar a tabarma. Wayar kuwa ta fara rawa.

Unguwa ta ɗauka. Wani ya rubuto, "Ashe kashe mu za ka yi?" Wata ta tambaya ko an sace wayar Auta ne, don ba ta taɓa ganin mai gyara ya kai ƙarar kansa ba. Mai shagon kayan famfo da ke bakin titi ya karanta sau biyu ya ce tsohon ya zare. Kafin la'asar wakili ya aiko da kalma biyu: an fasa.

Shi dai yana kan babur da sabon tiyo, wanda ya lanƙwasa ya taka ya gwada a gaban mai shago kafin ya karɓa. A wani gida maigidan ya tsaya a kansa yana zazzaga masa masifa har ya gama. Shi kuwa Mai Ɗigo ya shafa kumfa, ya nuna masa ba ta tashi, ya ɗiga sabon ɗigo kusa da tsohon. A wani gidan an ƙi buɗe masa ƙofa, ya miƙa tiyon ta taga ya roƙi a kira wani ya sa. Kwana biyu ya gama gida talatin.

Saura ɗaya. Wata malamar makaranta ce, ta tashi daga unguwar da murhunta, lambarta kuma ba ta shiga. Auta ta ce ranar ta ga tsoro a idon mahaifinta. Ya je tsohon gidan, ya je makarantar da ta bari, ya nemi direban da ya kwashe mata kaya. Ita kuwa Auta, da ta ga ba sauran abin ɓoyewa, ta shiga roƙon mutane su tura saƙon gaba. Saƙon da ta so binnewa ya yi ta yawo daga waya zuwa waya har ya faɗa hannun ƙanwar malamar.

Ranar Lahadi da safe suka isa, shi da Auta. Malamar ta ce kwana uku tana jin wari a kicin, tana zaton shara ce. Ya ja kabad ɗin da ke bayan murhu. Tiyon ya tsage tsawon yatsa, ga ashana a kan tebur, ga 'ya'yanta biyu suna wasa a ƙofar kicin. Malamar ta dafe ƙirji ta zauna a ƙasa. Da garaɓasar aka yi, saƙon nan da bai zo gidan nan ba.

Kai ne, Mai Ɗigo, ka zaɓi a zage ka a gaban mutum ɗari huɗu da a ce ɗan wani ya ƙone. Kai ne ka sa hannu a kan kuskurenka da fentin da kake sa wa aikinka mai kyau. Har yau in an tuna ranar sai jikin mutum ya yi sanyi.

Wakili bai dawo ba, gaskiya ce wannan. Wasu ma sun fice daga zauren ba su koma ba. Amma 'yan hayar gidajen nan sittin, ɗaya bayan ɗaya, da kansu suka riƙa neman lambarsa. Abin da suke cewa ɗaya ne: "A turo mana wannan da ya faɗa da bakinsa." Maigidan da ya zazzaga masa masifa shi ne ya fara haɗa shi da surukansa. Akwai gidajen da in za a yi fenti sai uwargida ta tsaya ta ce a kewaye ɗigon.

Wannan watan gwiwa ta ce ya isa, ya ajiye babur. Satin da ya wuce Auta ta shigo a fusace, wai ta ga masu gyara har uku a unguwa sun sayi jan fenti suna ɗigawa a aikinsu.

"Baba, satar suna ce fa ƙiri-ƙiri! Sai na tona su!"

Ya yi dariya har da tari. "Ƙyale su, Auta. Fenti ai a kasuwa yake. Ki dai tambaye su ko za su koma bayan wata guda."

Mun gode, Mai Ɗigo. Allah ya ba gwiwa lafiya, ya saka maka da alheri a kan kowane gida da ka koma ba a kira ka ba. Ku kuwa masu sabon gwangwani, ba wanda ya hana ku ɗigawa. Amma ku sani, ranar da kumfa ta tashi a kan aikinku, a ranar ne za a gane ko ɗigon naku ne.