Yadda Aka Soya Gashin Inna

Matar yayana ce ta fara kawo sitireca cikin danginmu, kuma har yau in na ga ƙarfen nan a hannun wata sai raina ya ɓaci. Ga wanda bai san shi ba, wani abu ne kamar awartaki mai faɗin baki. A jona shi da wuta ya yi zafi, a kama gashi da shi a ja, gashin ya miƙe samɓal. Daga Umra ta dawo da shi. Umra ce kawai ta 'yan kwanaki, amma tun daga filin jirgi ta zama Hajiya, duk wanda ya kuskura ya ce mata Anti kamar da sai ta yi kamar ba da ita ake ba. Ni dai ban fasa ba, Anti nake ce mata har gobe.

Wata guda cur ba a yi wata hira a gidanta na Ƙofar Kaura ba sai ta sitireca. Ko gaisuwar rashin lafiya ka je sai an fito da shi daga kwalinsa an nuna maka. "Wannan ba irin na kasuwa ba ne," in ji ta, "siramik ne, ba shi ƙona gashi." Yadda take jan kalmar a baki sai ka ɗauka wani sirri ne na likitoci. Na karɓa na duba. Tangaran ne dai, irin wanda ake kofin shayi da shi, aka manna a bakin ƙarfe. Na miƙa mata abinta na ce Allah ya sa alheri.

Nan da nan falonta ya koma wurin layi. Matan aure da hankalinsu, wasu da jikoki, su zauna awa biyu ana ja musu kai, hayaƙi na tashi, suna cije baki. In an gama a kawo madubi, a juya hagu a juya dama, a yi guɗa. Daga nan kuma a ɗaure kan da ɗankwali, a yafa mayafi a kai, a fita. Wa ya gani? Ga alwala tana jira. Na sha ganin wadda aka kira la'asar ta tsaya tana shafar kai da kan yatsu biyu, a tsorace, kar ruwa ya taɓa aikin Anti gashin ya koma yadda Allah ya halicce shi. Ina zaune gefe ina taɓe baki, ina ganin na fi su hankali.

Mahaifiyarmu, wadda muke kira Inna, ba ta cikin wannan layi, ba ta ma san ana yi ba. Bafulatana ce, a ruga aka haife ta, aure ya kawo ta cikin birni, gidan mahaifinmu da ke Gobarau. Ba ta zo da wani abin a-zo-a-gani ba sai gashinta. In ta tsefe shi har ƙugu yake sauka, ga cika, hannu ɗaya ba ya kama shi, yana tafiya yana lanƙwasa, furfura ta ratsa shi jefi-jefi. Mataji nawa ya karye a cikinsa, ni shaida ce, don tun ina 'yar shekara goma ni ke mata kitso. Kowace Juma'a da hantsi takan wanke shi, ta shafe shi da man shanun da 'yan'uwanta ke kawo mata, ta zauna a rana ya sha, sannan in kama shi gida huɗu manya in kitse. A wannan zaman ne kaɗai nake jin Inna tana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa da Fulatanci.

Goggonnina, ƙannen mahaifinmu, sun shekara arba'in suna toshe hanci in ta wuce. Wai ƙarnin ruga. Su da ba wadda gashinta ya kai tsawon ɗan yatsa, kitsonsu sai an haɗa da zare, amma bakinsu bai taɓa gajiya ba. Inna ba ta taɓa tanka musu ba ko sau ɗaya, kuma ba ta fasa shafa manta ba.

Sai bikin autarmu ya zo. Gidan manyan ma'aikata za ta, masu son a yi dina a babban ɗakin taro, a fito da iyaye mata gaban jama'a a yi hotuna. Anti ta naɗa kanta shugabar kwalliya, ba wanda ya sa ta. Ana saura kwana huɗu ta ja ni gefe.

"Kan Inna nike tunani," ta ce. "Waɗannan manyan kitson nata ba su barin gwaggwaro shi zamna daidai. Ga kuma man nan. Ki yi mata magana in miƙar mata da shi. Ni suruka ce, ba ni iya hwaɗa mata."

Da na ce mata ta kama gabanta, da yau ba ni da labarin da zan rubuta. Amma na tuna dangin ango da leshinsu da turarensu, na hango Inna a tsakiyarsu, sai na ji wata kunya ta kama ni, irin wadda na daɗe ina zagin goggonnina a kanta. Ni na kai saƙon, ni na ƙara masa gishiri.

"Inna, dangin angon nan 'yan boko ne, kuma za a yi hotuna. Ki bari Anti ta gyara maki kai."

"Mi ya samu kan nawa?"

"Ba komi. Kar dai a raina mana auta a gidan miji."

Na san inda na nufa da wannan magana, kuma ta isa. Inna ta sauke ido kan tabarma. Can ta ce, "In don yarinyar nan ne, a yi. Da wuta kika ce ake yi?"

"Da wuta, amma ba shi ƙonawa. Siramik ne."

Ni ce na faɗi haka, da bakina, kalmar da na yi wata guda ina yi wa dariya.

Anti ta aiko cewa Inna ta tsefe kai ta wanke da sabulun gashi ana gobe biki. Iyakar abin da ta ce ke nan. Ba ta ce kar a shafa komai ba, don ita kanta ban yi zaton ta sani ba, takardar da ke cikin kwalin ko buɗe ta ba ta yi ba. Inna ta wanke, gashin ya bushe ya tashi buzu-buzu. Sai ta yi tunani irin na wadda ta girma cikin shanu. A wurinsu duk abin da ya bushe mai ake ba shi: faso a diddige, kaushi a hannu, hantsar saniya in ta tsage. To busasshen gashin da za a kai gaban wuta fa? Da safiyar bikin ta ɗauko kwanon man shanu ta shafe shi tun daga tushe har jela, fiye da yadda ta saba, ta ɗaura ɗankwalinta. Ba ta gaya wa kowa ba, don a ganinta ba abin faɗa ba ne, taimakon mai aiki ta yi.

Bayan azahar Anti ta iso da ƙaramin akwati, ta sha kwalliya, waya maƙale tsakanin kunne da kafaɗa. Ba wuta, aka tayar da inji. Ɗakin Inna cike yake da mata, goggonnina sun baje a kan gado, hayaƙin turaren wuta ya turnuƙe ko'ina har ido na yaji, ba hancin da zai iya jin wani abu bayan shi. Ni ina bakin taga mai kwalliya tana fenta mini fuska.

Inna ta zauna a tabarma ta juya baya. Sai da ta ɗan jima kafin ta zame ɗankwalin, don tun da aka kawo Anti gidan ba ta taɓa buɗe kai a gabanta ba. Gashin ya zubo. Har goggonnin sai da suka bi shi da kallo.

"Kai, Inna, gashin nan akwai sheƙi," in ji Anti. Ta kama shi, ta ji hannunta ya yi maiƙo, ta goge a tsumma ta ci gaba da wayarta. Wadda ta san aikinta nan za ta tsaya ta yi tambaya. Ita sai ta murɗa maɓallin zafin ƙarfen har ƙarshe, wai gashi mai kauri sai wuta mai yawa.

Kamun farko muka ji cuuu, kamar an jefa ƙosai a kasko. Hayaƙi ya tashi.

"Tururi ne, haka shike yi," Anti ta ce, ba tare da ta sauke wayar ba.

"Wa ke suya a gidan nan?" in ji babbar goggo. Aka kwashe da dariya.

Anti ta ci gaba, kama ja, kama ja. Man ya narke yana tafasa, yana gangarowa fatar kai da bayan kunne da wuya. Inna ko motsi ba ta yi ba. Bafulatana ba ta cewa wayyo a gaban mutane, balle a gaban matar ɗanta na fari, ko da naman jikinta ake yanka. Amma ni na san ta. Ta cikin madubin mai kwalliya na ga yatsun ƙafarta sun dunƙule a kan tabarma, na ga yadda ta damƙe carbi har jijiyoyin hannunta suka fito. Na gani sarai. Mai kwalliya ta ce in rufe ido za ta sa mini gashin ido, na rufe.

An yi rabin kai Anti ta ɗauki mataji don ta nuna wa jama'a aikinta. Ta zura ta ja. Gashin ya biyo matajin. Ta sake ja, wani ya sake biyowa, dogo-dogo, ya yi ja ya ƙandare, yana zuba kan tabarma yana karyewa.

Ina so a san abin da Anti ta fara dubawa. Ba kan Inna ba ne. Ƙarfenta ta ɗaga sama, ta ga bakin ya yi baƙi ƙirin, mai da gashi sun ƙone sun manne.

"Innalillahi! Mi kika shahwa, Inna? Kin kashe mani siramik!"

"Man shanu ne mana," in ji babbar goggo daga kan gado. "Mi ta sani bayan shi?"

Inna ta duƙa tana tsince gashin daga tabarma, sili-sili, don a gidansu ba a barin gashin mutum a ƙasa ana takawa. Ta ƙulle shi a gefen zaninta. Sannan ta ce a ɗaura mata gwaggwaron kar a makara.

An yi dina, an yi hotuna. Hoton yana nan a falon auta: Inna tsaye kusa da amarya, gwaggwaro ya rufe kan ruf har kunne, ko silin gashi ɗaya ba a gani. Da kitsonta huɗu ne a ciki, da aski ne, duk ɗaya. Dangin angon da muka yi wa wannan hidima ko kallo na biyu ba su yi mata ba, suna can suna gyara zaman sarƙoƙinsu.

Washegari da hantsi, baƙi sun ragu, Inna ta kira ni ɗaki ta miƙo mini almakashi. Da ta cire ɗankwali sai da na zauna. Gefe guda gashi har ƙugu, gefe guda guntu-guntu, fatar ta yi ja, bayan kunne duk ya tashi ya ɗuri ruwa. Ba yadda za a yi kitso ya kamu. Na yanke mai lafiyar ya daidaita da ƙonannen, ina yi ina kuka har ba na ganin abin da nake yankawa. Ita ce ma take ce mini in yi a hankali kar in yanke hannu. Gashin bai sake fitowa yadda yake ba, inda ya ƙone sosai ma har ta bar duniya ba abin da ya tsiro. Da na kai ƙara wurin yayana cewa ya yi wannan maganar mata ce.

A ranar askin, ina share tabarma Inna ta ce, "In kin tahi Ƙohwar Kaura, ki ba matar yayanki haƙuri. Na ɓata mata kayan aiki, abin da ta ɗauko tun daga Makka."

Ban taɓa ɗaga wa Inna murya ba sai ranar. Na ce wallahi ba ni zuwa, ita ya kamata ta zo nan ta durƙusa. Na faɗi maganganu da yawa a kan Anti, duk gaskiya ne, ban faɗi ko ɗaya a kaina ba. Inna ta bari na gama, ta ce, "To, shi ke nan."

Kwana uku bayan haka na ga ta yafa mayafi ta fito zaure tana neman napep. Na bi ta, don ba zan bar ta ta tafi ita kaɗai da ciwo a kai ba. Muka tarar da Anti kishingiɗe a doguwar kujera tana kallo. Ta ɗan gyara zama, ba ta sauko ba. Inna ta zauna a bakin kafet, aka gaisa, aka tambayi gajiyar biki da yara da maigida. Sannan ta faɗi abin da ya kawo ta, kanta a ƙasa.

Anti ta yi ajiyar zuciya, ta rage ƙarar talabijin.

"Ba komi, Inna, na yahe. Ai rashin sani ne."

"Na gode," in ji Inna. "Allah shi yi albarka."

Ni kuwa ina tsaye a bakin ƙofa, riƙe da takalman Inna.