Malam Sanda, Mai Magana da Yatsa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 12 ga Agusta, 2025, bayan sallar la'asar, Allah Ya karɓi ran Malam Sanda Balarabe a gidansa na Unguwar Shanu. Tun da muka dawo daga maƙabarta na kasa zama wuri ɗaya. In shiga ɗaki, in fito, in taka har Kawo ba tare da wata buƙata ba, in dawo. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, ko zuciyata za ta lafa.

Malam, kai ne ka sa ni a harkar rediyon sha'awa, inda mutum ke kafa na'ura a gidansa da izinin hukuma, ya riƙa gaisawa da takwarorinsa na ƙasashen duniya. Ina maƙwabcinka, na shigo tambayar amfanin doguwar eriyar da ke kan rufinka, sai ka zaunar da ni ka koya mini Mos: gajeren sauti da dogo, kowane harafi da irin bugunsa. Kakan ce idan hanya ta cika da shuu, murya ta nutse, wannan ɗan bugun yana ratsawa ya isa. Abokanmu da yawa sun koma magana da baki, wasu sun koma kwamfuta. Ba ka taɓa kushe su ba, amma ba ka saki abin bugunka ba. Maiɗakinka, Hajiya Kaltume, ta yi shekaru tana yi maka tsiya cewa ka cika mata gida da kukan gyare.

Bara waccan ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same ka, ya tafi da maganarka da hannun damanka. Kana kwance a asibiti kana zufa, kana ta dukan ƙarfen gado da yatsan hagu, kowa ya ɗauka karkarwar ciwo ce. Hajiya ce ta kira ni a waya.

"Yusha'u, ka zo yanzu. Abin nan da yake yi ba karkarwa ba ce. Na san wannan kukan."

Na zo na kasa kunne. KAFA, KAFA, kake ta maimaitawa. Mos ba shi da haruffanmu masu lanƙwasa, sai da na ɗan yi jim kafin na gane ƙafa kake nufi. Likita ya duba, ya tarar jini ya daskare a jijiyar ƙafarka, ya ce da an ƙara jinkiri da labarin ya sha bamban.

Bayan an sallame ka na zama tafintanka. Da kai aka tsayar da ranar auren 'yarka Aziza, kai ka sasanta ɗanka Salim da ƙaninsa Sharhabil, duk da yatsa ɗaya. Wata rana Hajiya ta tare ni a zaure ta ce, "Ba kullum kake nan ba, kuma ba kowace magana ce za ta bi ta kunnenka ba. Koya mini." Ta haura sittin, ga ciwon ido, amma ta dage har ta iya. Daga nan aka rage kirana, kuma ban taɓa jin daɗin rasa wani aiki kamar wannan ba.

Ranar da za ka cika, hannunka na cikin nata. Aziza ta ce ta ga yatsanka yana motsi a tafin mahaifiyarta, an daɗe, sannan yatsan ya tsaya. A zaman makoki na kasa haƙuri, na tambayi Hajiya abin da ka ce.

"Na ƙarshen kalmar shahada ce," in ji ta. "Na farkon kuwa nawa ne, Yusha'u."



Ya Allah Ka jiƙan bawanKa Sanda, Ka gafarta masa, Ka sa jinyar da ya sha ta zama kaffara, Ka haskaka kabarinsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Kaltume, da Aziza, da Salim, da Sharhabil, da sauran 'yan uwanmu masu rediyo na kusa da na nesa. Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa, Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.