Masu Kallo Daga Fuska ta Huɗu

Lokacin da nake ƙaramin akawu a tashar jirgin ƙasa ta Minna, kafin a ba mu mulkin kai, ɗaki ɗaya nake haya a Limawa, daga ni sai tabarma sai wata fitila da ta fi ba da hayaƙi a kan haske. Ba ni da aboki. Abokan aikina 'yan kudu ne, suna ce mini Bahaushe, Hausawan unguwa kuwa suna ce mini Bafillatanin da ya yar da sanda. Na gaji da yi wa kowa bayani, na daina.

Abin karatuna a ƙunshin ƙosai nake samunsa. Wata Banufiya ke suya a bakin tasha, tana naɗe ƙosai da shafukan wani littafin Turanci da kukun wani Bature ya ba ta. Sai na share mai da gefen hannu na karanta. Wata rana ta dube ni ta ce, “Malam, kai ƙosai yana ci, ko takarda?”

Labari ne ƙagagge, irin na kimiyya, a kan wasu halittu. Mu tsawo muka sani da faɗi da zurfi. Su kuwa suna da fuska ta huɗu, daga can suke kallonmu, kamar yadda mutum zai zana gida a ƙasa ya tsaya a kansa yana ganin cikin kowane ɗaki. Suna ganin abin da ke cikin akwatin da aka kulle, suna ganin abin da ke cikin hanjin mutum. Na zaci aljanu ne, ashe ko kusa. Suna gajiya, suna tsufa, ko tsinken tsintsiya ba za su iya ɗagawa a duniyarmu ba, muryarsu ma ba ta isowa gare mu. A wani shafi, ɗayansu ya ga ciwo na cin wani yaro tun kafin iyayensa su sani, ya yi ta kallo har aka rufe yaron. Na jefar da takardar don haushi. Ina amfanin gani irin wannan? Kashegari kuma na koma wurin mai ƙosai, ba kunya.

Haushin nan da dalilinsa. Ni ɗan fari ne a gidanmu, a wata ruga ta wajen Tudun Fulani. A al'adarmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta hira da shi, ba ta ma yarda a ga tana kallonsa. Tun ina ƙarami kawuna ya ɗauke ni ya sa ni makaranta a gari, sai kunyar ta haɗu da nisa. Da safe innata kan wuce ta gaban tasha da ƙwaryar nono a ka, ƙanwata na biye da ita. Ƙanwata ta ɗago mini hannu, Inna kuwa sai ta ga wani abin kallo a bishiyar mangwaro. Na san ba ƙiyayya ba ce, kowa ya sani. Amma sanin bai hana abin ci mini rai ba. Kalma ɗaya nake so daga bakinta, tawa ni kaɗai.

Ana haka aka ce an mayar da ni Inugu. A makon ne littafin ya ƙare wa mai ƙosai, ta koma naɗi da tsohuwar jarida, don haka har yau ban san yadda halittun nan suka ƙare ba. Na aika ruga da labarin tafiyata, na ce a raina, ai ko dutse ne a wannan karon zai yi magana.

Akwai wani ciwo da ke damuna a ƙarƙashin haƙarƙarin dama tun damina. Ban gaya wa kowa ba, a miƙe nake tafiya don kada a ce ban isa aiki ba.

Ranar tafiya Inna da ƙanwata suka zo tasha. Inna ta tsaya can bayan shinge, ta juya mini gefe. Na ɗauki akwatina na matsa kusa. Ba ta dube ni ba. Sai ta dubi ƙanwata, ta ce mata da Fillanci, “Ki gaya wa wancan ya daina ɗaukar kaya da dama. Tun damina gefen nan ke masa ciwo.”

Ƙanwata ta juyo ta maimaita mini, kamar ban ji ba. Na buɗe baki in ce Inna, kalmar ta ƙi fita. Ashe ni ma kunyar nan tana jikina. Sai na dubi ƙanwata na ce, “Ki ce na ji.”

Na mayar da akwatin hannun hagu, na shiga jirgi. Kafin in samu hutun dawowa Inna ta rasu. Ciwon ya warke tun da daɗewa, amma har yau da hagu nake ɗaukar kaya.