Wayar Rabi ta kada kamarata

Jama'a, yau waya mai tsagaggen gilashi ta kada kamarata ta Kwatano.

Na tahi bakin gulbi a Garou da sahe, ina son hoton masunci lokacin da ragarshi ta buɗe sama. Jifa ashirin ya yi, duk hotunana dishi-dishi. Sai ga taubashiyata Rabi mai albasa. Sau ɗaya ta latsa wayarta. Raga buɗe kamar lema, har ɗigon ruwa ana gani!

Na ce, "Ƙaƙa kika yi?"

Ta ce, "Alhaji, kai raga kake kallo. Mu ɗiyan masunta ƙugu muke kallo. Yana murɗawa, ka latsa."

Masuncin ya matso. "Hajiya, turo mini. Alhaji, riƙe mini kihin ga."

Ni da na kai kamara har Dakar, yau ni ne mai riƙon kihi.