Ɗacin Magani a Maƙogwaron Malam Buba

Har na bar aiki ba zan manta da ranar da Malam Buba ya dawo mana a tsakiyar azumi ba. Lokacin ni ce babbar jami'ar jinya a ɗakin ido, nan Dutse.

Dattijon makiyayi ne daga wajen Buji. Hawan jinin ido ya riga ya cinye masa idon hagu, na dama kuma aka yi masa aiki a Kano, aka dasa siririn bututu mai fitar da ruwan da ke taruwa a ciki. Bayan irin wannan aikin, idon yakan sake ɗaukar matsi cikin 'yan makonni, shi ya sa muke aunawa a kai a kai, mu ba da maganin ɗigawa. Ni na ba shi nasa, na zayyano masa "safe da yamma" kamar karatun allo, na kira na gaba.

Ran nan da likita ya auna, sai ya ajiye biro ya dube ni. Idon ya yi tauri. Raina ya ɓaci, na hau dattijon da faɗa, don a tsammanina sakaci ne.

Ya bari na gama, sannan ya ce, "'Yata, in na ɗiga, ɗacinsa nake ji a maƙogwaro. Abin da ya kai maƙogwaro ai ya karya azumi. Na ce bari a yi salla tukuna."

Kunya ta rufe ni. Kwana goma sha biyu bai taɓa kwalbar ba, kuma ni ban taɓa tambayarsa ba. Likita ya mayar masa da lokacin ɗigawa zuwa sahur da bayan buɗa baki. Na kama yatsansa na ɗora a gefen ido wajen hanci, na ce, "Baffa, danne nan bayan ka ɗiga, ba zai sauka ba."

Matsin ya sauka cikin mako guda. Amma gefen ganinsa da ya tafi bai dawo ba. Ya ce yanzu sai ya juya kai yake ganin saniyar da ke gefensa na dama.

Likita ya yi aikinsa, bututu ma ya yi nasa. Ni ce na ba mai azumi magani ban tambaye shi azuminsa ba. Ku da kuke fara aikin nan, mutanenmu ba sa musu da ma'aikacin asibiti. Za su ce "to", su tafi gida su yi shiru da abin da ya dame su, sai in kun tambaya.