Oba-oban Kanar biyu

Har gobe ban manta da ranar Larabar da na yi wa Kanar biyu tafinta a wata masana'antar oba-oba, rediyon sadarwa na sojoji, da ke Baiyun ta ƙasar Sin ba. Ku sababbin shiga aikin nan, ku saurara.

Bayan an gama yaƙi da 'yan bindigar kan iyaka, ƙasarmu da maƙwabciyarmu suka ƙulla yarjejeniyar tsaron haɗin gwiwa: in an taɓa ɗaya, an taɓa duka. Sai aka gano oba-oban sojojinmu ba ya kama na nasu. Shi ne aka turo Kanar Bala daga wajenmu, da Kanar Isufu daga wajensu, su yi odar iri ɗaya. Aka ɗauke ni aikin mako guda, da alkawarin in na yi kyau zan zama tafintan kwamitin na dindindin. A lokacin kuwa na gaji da bin 'yan kasuwa zuwa kasuwar Sanyuanli ina yi musu tayin takalma.

Ƙa'idar zaman ita ce namu ya yi Turanci, nasu ya yi Faransanci, ni in juya wa mai masana'antar, wanda muke kira Laoban, da Sinanci. Abin haushi, da an fita shan shayi su biyun Hausa suke zubawa kamar 'yan unguwa ɗaya.

Ranar farko Kanar Bala ya ja ni bayan ƙofa, ya ce in raɗa wa Laoban a yi wa oba-obanmu dabara yadda za mu riƙa jin tashar sirrin abokanmu, su ba sa jin tamu. Na ce, "An gama, ranka ya daɗe." Ko awa ba a yi ba Kanar Isufu ya tare ni wajen alwala da irin wannan buƙata sak. Shi ma na ce an gama. Ni ɗan aike ne, na kai duka biyun.

Ranar Larabar Laoban ya dire samfuri biyu a tebur yana ta washe baki. Ya ce tunda manyan baƙinsa abu ɗaya suka roƙa a ɓoye, ya hutar da kowa: yanzu kowane oba-oba yana jin kowane. Sannan ya dube ni, in fassara.

Na so in ce yana yi musu barka da zuwa ne, amma sai na tuna yaran sojojin da za su riƙe abin nan a daji. Na ajiye Turanci da Faransanci, na faɗa da Hausa tsantsa, ban rage komai ba.

Sai Kanar Isufu ya dubi namu ya ce, "Ashe kai ma, Bala?"

Suka tuntsire da dariya har da tafawa. A ranar suka sa hannu, sanarwarsu ta cika da maganar amana da 'yan'uwantaka.

A mota Kanar Bala ya ce mini, "Malam Sani, ka iya aiki. Amma ka ji abin da ya fi ƙarfin kunnenka." Suka ɗauki wani tafintan.

Abin da na koya ke nan: manyan da ke ƙawance suna yafe wa juna cikin minti ɗaya, wanda ya tsaya a tsakiya ne ba sa yafe wa. Washegari na koma tayin takalma.